Ƙarshe Biyu na Mai Lema

"Ɗaga hannu, Baba."

Ya ɗaga. Kwat ɗin ya zubo daga kafaɗarsa sai ka ce a jikin ƙusa aka rataye shi. Bakina cike yake da allurai, don haka ban ce komai ba, na zagaya bayansa na tattaro yadin da ya yi yawa. Abin da na kama ya cika mini hannu.

"Kin yi shiru, Tela," in ji shi. "Yadin ne ya ƙaru, ko ni ne na ragu?"

Na zare alluran daga bakina. "Yadi ba ya ƙaruwa, Baba."

"To kin ba ni amsa."

Ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi. Na zubar da yaduddukan da ke kan kujera, na jawo masa ita ya zauna.

Ƙofarsa da tamu suna kallon juna a hawa na biyu na gidan hayar da muke, baranda ce kawai a tsakani. Tun ina amarya na same shi a nan, yanzu kuwa har na aurar da babbar 'yata. Ɗan wasan fim ne, amma in na ce haka kawai ban faɗi komai ba. Shi ne Mai Lema. A fim ɗin tsohon mai gadin tashar mota ne, mai koɗaɗɗen kwat da baƙar lema, wanda ɓarawo bai taɓa tsere masa ba, kuma shi bai taɓa gudu ba. Da lanƙwasar hannun lemar yake harɗo ƙafar mutum. Sunan ya bi shi har ya cinye nasa na yanka. Mai gidan hayar ma Mai Lema yake ce masa.

Ni ce mai kula da kwat ɗin, kuma ƙa'idar aikin ɗaya ce: kada ya canza. Facin gwiwar hannun hagu ya zauna a ruwan ƙasa, maɓalli na biyu daga sama kuma ya zauna a babu. Wata shekara tausayi ya kama ni na ɗinka masa maɓallin. Da fim ya fito wata mata ta tare ni a matakala ta wanke ni tas, wai wa ya aike ni. Tun daga ranar na san masu kallon nan ba barci suke yi ba.

Mai Lema ya mutu a gabana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An jefa shi kogi. Babbar mota ta bi ta kansa. An kulle shi a sito an cinna wuta. Unguwa ta yi ta jimami, mata su yi ta sharar hawaye da bakin mayafi, bayan shekara sai ga allon talla a bakin titi, wai kashi na gaba. Ashe ya iya ruwa. Ashe akwai rami a ƙarƙashin motar.

Na san yadda suke yi, don duk ranar ɗaukar ƙarshen fim ina wurin da allura da zare ko wani abu zai yage. Daraktansu ƙarshe biyu yake ɗauka kullum. A na farko Mai Lema ya faɗi ya cika. Ba a motsa kyamara, ba a kashe fitila, sai mai kyamara ya ce, "Na biyu!" Nan take Mai Lema ya buɗe ido ɗaya, ya tashi, ya karkaɗe kwat, ya buɗe lema, ya dubi masu kallo ya ce, "To, ina muka tsaya?" Darakta ya saki na farkon ya ɓoye na biyun. In mutane sun matsa da neman ƙari, da shi za a buɗe sabon kashi. Ba su kuwa taɓa fasa nema ba.

Maigidana mai gyaran wuta ne, kuma shi ne shugaban masu ƙorafi a gidan nan.

"Mutanen nan sun raina mana hankali," haka zai ce. "Labari ɗaya ake ta juya mana kamar tsohuwar riga. Basirar ce ta ƙare?"

Amma ranar da sabon kashi ya fito shi ke fara kama wuri a gaban talabijin, kuma ba wanda ya isa ya yi tari. Rannan na ce masa, "Kai da kake sayen wasan bidiyon ƙwallo iri ɗaya duk shekara? Fili ɗaya, ƙwallo ɗaya, riguna kawai aka canza."

"Wannan daban ne."

"Ina bambancin?"

"An gyara ciyawar," ya ce, kuma wallahi ba alamar wasa a fuskarsa.

Ina cikin kafa allurai a bayan kwat ɗin sai ga 'yar Baba ta leƙo da kofi a hannu. Malamar makaranta ce, kowa a gidan Malama yake ce mata ban da shi. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake kiranta. Tun da ciwo ya fara cinsa ta tattaro kayanta ta dawo ɗakinsa na biyu. Tana ganin kwat ɗin a jikinsa ta ɗaure fuska.

"Baba, ga maganinka. Anti, sannu da aiki. Har da ke a ciki?"

"Ni awo aka ce in yi, Malama."

"Uwata, ai mun gama maganar nan," ya ce a hankali. "Fitowa ɗaya ce. A nan baranda. Ko matakala ba zan sauka ba."

"Kuma Mai Lema ya mutu," in ji ta.

"Ya mutu."

"Mutuwar da ba rami a ƙarƙashin mota."

"Ba rami, ba kogi. Na yi miki alkawari."

Ta miƙa masa kofin, ta tsaya a kansa har ya shanye, ta juya ba ta ƙara kallon kwat ɗin ba.

Ban ga laifinta ba. Da yamma ta shigo wurina ta zauna tana tsince mini zare a jikin wata riga, aikin da ban sa ta ba, sai bakinta ya buɗe. Ta ce ranar da aka kwantar da shi asibiti, mai kiran marasa lafiya "Mai Lema" ta ƙwala, ɗakin jira ya kaure da tafi, shi kuwa ko tsayuwa ba ya iya yi. Ta ce ranar rasuwar mahaifiyarta, tana ƙarama, wani mutum ya zo gaisuwa, ya gama addu'arsa, ya sunkuya ya ce wa Baba, "Don Allah ɗan faɗi mana maganar nan taka." Kuma Baba ya faɗa, don bai iya cewa a'a ba.

"Anti, likita ya ce abin da ya rage ba yawa," ta ce. "Ni dai ɗan abin da ya ragen nake so ya zama na ubana. Ban taɓa samunsa ni kaɗai ba. Kullum wancan tsohon yana tsakaninmu da lemarsa. In bai mutu yanzu ba, har gadon ƙarshe za su biyo shi da kyamara."

Tausayinta ya kama ni sosai. Na miƙa mata wata rigar ta ci gaba da tsinta.

Kashegari darakta ya zo. Mutum ne mai tumbi da furfura, tabarau ɗaya a goshi, wani a wuya, kuma kullum nemansu yake yi. Yana saurayi suka fara aikin nan da Baba. Na kawo kwat ɗin na gama ragewa, na tarar da su a falo ana shan shayi. Na yi mamakin yadda ya yarda da kashe Mai Lema ba gardama, ashe da shirinsa. Wai za su koma farko ne, da sabon ɗan wasa, a nuna Mai Lema yana matashi da yadda aka yi ya samu lemar.

"Wato ko ya mutu ba ku bar shi ba," in ji Malama.

"Wannan wani ne daban, ranki ya daɗe. Sabuwar fuska. Ba ruwansa da Baba."

Ni kuwa bakina ba ya zama wuri ɗaya. Na ce, "Darakta, don Allah in tambaye ka. Duk faɗin duniyar nan labarai sun ƙare ne?"

Ya ajiye kofi. "Na yi sababbi, Anti Tela. Akwai na masu jirgin ruwan nan, wanda na fi alfahari da shi a duk aikina. Kin kalla?"

Na kama gyaran wuyan kwat.

"Kin gani ko? Ke ma da kike tamu. Sabon labari sai na bi mutane ina roƙo su zo su gani. Mai Lema kuwa, in na zana lema a allo ko rubutu ban yi ba, masu zuba jari za su kira ni, masu kallo su yi layi. Ga jama'a suna ci a ƙarƙashina, kowa da iyalinsa. Ki ce in bar wanda na tabbatar in kama wanda ban sani ba?"

"Wannan naka ne," in ji Baba, yana juya cokali a kofi. "Ni abin da na gani daban. Mutum ya wuni yana fama da baƙin fuskoki, a mota, a wurin aiki, a layin asibiti. In ya dawo gida ya cire takalmi, ba baƙo yake nema ba. So yake a ƙwanƙwasa ƙofa ya buɗe ya ga wanda ya sani, a cikin kwat ɗin da ya sani. Ai sun san zan tashi. Tashin suke zuwa gani."

"To wannan karon sai su yi haƙuri," in ji Malama.

"Su yi haƙuri," ya amsa mata. Ya juya wurin darakta. "Ka ji ko? Ƙarshe ɗaya."

Darakta ya dafa ƙirji ya ce ya ji, sannan ya shiga laluben tabaransa.

Ranar ɗauka, tun da hantsi barandarmu ta zama kasuwa. Wayoyi sun bi ƙasa har ƙofata, an kafa manyan fitilu biyu, wani dogon mutum yana riƙe da makirfo a kan sanda. Maƙwabta sun cika matakala, na sama suna leƙowa ta kan ƙarfen baranda. Maigidana ya fasa fita aiki, wai zai sa musu ido kada su ƙona mana gida. Ya kuwa sa musu ido, daga kujerar da ta fi kowacce kusa da kyamara.

Malama ce ta fito da Baba, yana dafe da kafaɗarta. Ni na sa masa kwat, na miƙa masa lema. Abin mamaki, yana kama hannun lemar bayansa ya miƙe. Aka zaunar da shi a kujerar katako a bakin ƙofarsa, wai Mai Lema ya bar aiki yana shan iska.

Darakta ya fara bayani. Za ka dafe ƙirji, ka yi ƙara, ka miƙa hannu sama, ka zamo daga kujera.

"A'a," in ji Baba. "Duk mutuwar da na yi maka a baya hayaniya ce kawai. Yanzu da muka zama maƙwabta da ita na ga ba haka take zuwa ba. Gajiya ce. Bar ni in yi yadda na sani."

Darakta ya koma bayan kyamara. Aka buga ɗan allon nan nasu, ya ce, "Akshin."

Baba bai yi komai ba da farko. Ya kwantar da lemar a kan cinyarsa. Ya dubi titi ta tsakanin ƙarafan baranda, ya bi wata mota da ido har ta sha kwana. Ya ɗaga hannu zai gyara wuyan kwat, hannun ya kai rabi, ya fasa, ya mayar da shi a hankali. Ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya tuna wani abu. Sai kansa ya jingina da bango, yatsunsa suka saki lemar, ta mirgina ta tsaya a gwiwarsa.

Ban taɓa jin gidanmu ya yi tsit irin na lokacin ba. Na ji tsoro, tsoro na gaske, don ban ga ƙirjinsa yana motsi ba. Malama tana tsaye a bayan kyamara, kusa da ni, ta toshe bakinta da hannu. Darakta ya manta ya ce a yanke.

To a nan ne sabo ya yi aikinsa. Mai kyamarar nan tun kashi na farko yake tare da su, kuma bai taɓa naɗe kaya bayan ƙarshe ɗaya ba. Ba wanda ya tuna ya gaya masa an canza tsari. Idonsa na manne da kyamara, ya ce, "Na biyu!"

Darakta ya ɗaga hannu zai hana, amma ya makara. Baba ya ji kiran da ya saba amsawa tun kafin gashinsa ya yi fari. Ido ɗaya ya buɗe.

Wani a matakala ya ce, "Kai!" aka yi masa alamar ya yi shiru.

Ya dafa hannun kujera zai tashi, bai tasu ba. Ya sake. Kyamara na tafiya, ba mai ikon shiga. Ya kafa lemar a ƙasa ya dogara da ita, ya miƙe tsaye da ƙyar. Ya karkaɗe kafaɗar hagu, ya karkaɗe ta dama. Ya danna lema ta buɗe. Ya ɗago kai zai faɗi maganarsa, duk matakala an buɗe baki za a taya shi, sai idonsa ya wuce kyamara ya sauka a kan 'yarsa. Hawaye ya wanke mata fuska har wuya.

Fuskar Mai Lema ta sauka daga tasa. Ya ɗan karkatar da kai, ya ce da muryarsa ta cikin gida, "Haba, Uwata. Ga ni nan fa."

"A yanke," in ji darakta, ƙasa-ƙasa.

Ta tsallake wayoyin ta kama shi kafin ƙafafunsa su gaza. Da aka zaunar da shi ta juyo kan darakta, ido jawur.

"Kun ce ɗaya."

"Kuskure ne, ranki ya daɗe, wallahi sabo ne. Kuma ki kwantar da hankalinki, wannan ba zai yi amfani ba. Bai kalli kyamara ba, bai faɗi maganar ba. Ɗaukar ta lalace."

"Ni ma sabo ne, Uwata," in ji Baba yana haki. "Ki yafe wa tsoho."

Na cire masa kwat ɗin a nan baranda, na ninke na ba mutanen darakta tare da lemar. Kafin azahar sun naɗe wayoyinsu sun tafi. Maigidana ya shige ɗaki yana cewa fitilun ne suka sa masa ruwan ido.

Makonnin da suka biyo baya, ban taɓa ganin Baba cikin kwanciyar hankali kamar su ba. Malama ta ɗora ni a kan aikin tsaron ƙofa, na kuwa riƙe shi da gaske. Duk wanda ya hawo matakala yana neman Mai Lema, sai in leƙo da almakashi a hannu in ce, "Ya yi ritaya. Mahaifin Malama ne a ciki, kuma yana hutawa." Wani ya ce mini hoto ɗaya kawai. Na ce ya ɗauki nawa.

Da la'asar sukan fito baranda su biyu. Ta yanke masa farce, ta shafa masa mai a ƙafa. Shi kuma ya dage sai ta ba shi labarin duk abin da ya wuce shi: wa ya koya mata keke, me ya sa ta tsani lissafi, wace ce ƙawar nan da suka yi faɗa a kan madubi. Tana kwatanta masa shugaban makarantarsu, mutumin da bai taɓa gani ba, sai ya kumbura kumatu ya kwaikwaye shi daga kujera, ita kuwa ta riƙe ciki tana cewa, "Baba, wallahi shi ne, har tarin!" Ina jin su daga kan kekena, ni ma in yi ta murmushi ni kaɗai kamar sabuwar kamu.

Wata rana ta shiga ɗauko masa ruwa, ya yafito ni.

"Tela, ashe 'yar nan tawa akwai ban dariya. Ina nake duk shekarun nan?"

"Kana kogi, Baba."

Ya yi dariya marar sauti, don ƙarfin ya ragu. Sai ya ce, "Na ji an ba ki ɗinkin sabon kwat."

"An ba ni. In ba ka so in mayar."

"Ɗinka masa. Ki bar masa fili a kafaɗa, zai daɗe a ciki. Ni na samu wanda ya fi." Ya nuna ƙofar da 'yarsa ta shiga da haɓa.

Da safe ne abin ya faru, rana ta riga ta hau baranda. Ina yanka wani yadi sai na ji an taɓa ƙofata a hankali. Malama ce, ba takalmi a ƙafarta.

"Anti, zo ki duba mini Baba."

Yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, kansa jingine da bango. Kofin shayi na kan tebur, na taɓa shi na ji da sauran ɗumi. Ta ce labari take ba shi, ta juya ta ninke bargo, da ta waiwayo ya yi shiru. Hannunsa ɗaya na kan cinya, a buɗe. Yadda ya nuna mana a baranda, haka ta zo masa, bai ƙara komai ba bai rage ba.

Na tsaya a kansa. Duk da shekaruna, duk da na san abin da nake gani, sai da na tsaya ina kallon idonsa na hagu. Da na gaji da jira na sa hannu na shafe masa fuska, na rungume yarinyar muka yi kukanmu.

Jama'ar da ta zo ta toshe titinmu har bakin babban titi. Aka kai shi makwancinsa. Masu gaisuwa suka yi ta hawowa suna cewa, "Allah ya jiƙan Mai Lema," ita kuma tana amsawa da amin, ba ta gyara wa kowa ba. Na tambaye ta daga baya ko abin ya dame ta. Ta ce, "A'a, Anti. Na samu nawa."

Bayan an watse, gida ya koma yadda yake, darakta ya dawo da kwamfuta a jaka. Ya ce ya yi alkawarin ba zai saki fim ɗin ba sai ta ga ƙarshensa ta amince. Ta kira ni in zauna da ita. Ya kunna. Ga baranda, ga kujera, ga mota tana shan kwana, ga lema tana mirginawa. Hoton ya dushe, sunaye suka fara hawa.

"Ya yi," in ji ta. "Ku sake shi haka."

Darakta ya yi godiya, ya fara rufe kwamfutar. Ta ɗora hannu a kan murfin.

"Ɗayan fa?"

"Wanne, ranki ya daɗe?"

"Wanda ya lalace."

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "Ai kin ce..."

"Ka goge?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa goge na biyu ba a rayuwata. Hannuna ba ya iyawa."

"Kunna."

Ya kunna. Ido ɗaya ya buɗe. Tsohon ya yi ta kokawa da kujera, kuma duk da na san zai tashi, sai da na ji ina taya shi yunƙurawa daga inda nake zaune. Ya miƙe, ya karkaɗe kafaɗu, lema ta buɗe. Ya dubi gefen kyamara, kuma da yake ita ma a gefen kwamfutar take zaune, sai ya zama ita yake kallo sak.

Ba ta yi kuka ba. Da ya ƙare ta ce, "Sake."

Ya sake. Ta ce ya ƙara. A karo na gaba ita ta miƙa yatsa ta mayar da kanta.

"Wannan ba na Mai Lema ba ne," ta ce a ƙarshe. "Ka tura mini a waya. Kada in gan shi a wani wuri."

"Ko da wasa."

Ya tura. Yana sa takalmi a bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Darakta. Sabon naku, yaushe zai fito?"

"Baɗi, in Allah ya so."

"To. Allah ya ba da sa'a."

Ba ta bar gidan ba. Ta ce hayar ta fi kusa da makaranta, ko da yake ni na san mota biyu take hawa. Yanzu in ta taso daga aiki takan shigo wurina da tarin littattafan ɗalibai, wai ɗakina ya fi haske. Ta zauna a tabarma ta jingina da buhun ƙyallaye, ta cire murfin jan biro ta kama maki, ni ina ɗinkina.

Jiya ma haka. Ta yi nisa a aikin, tana ta tsaki a kan wani mai mummunan rubutu, sai ta ajiye biron a tsakiyar littafi, ta laluba jaka ta ciro waya. Ban waiwaya ba. Na ji ƙarar kujerar katako, na ji buɗewar lema, sannan muryar.

"Haba, Uwata. Ga ni nan fa."

"Na gan ka, Baba," ta ce.

Ta kifa wayar a kan cinyarta, ta ɗauki jan biron, ta buɗe littafi na gaba.